Saƙon Godiya Bayan Aikin Jijiyar Haƙori

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kawo mini sauƙi bayan ciwon haƙorin da ya hana ni barci da zuwa aiki, har ga shi yanzu ina tauna abinci da kowane ɓangare na bakina, kuma haƙorin turmi na ƙasa ta dama da na riga na fid da rai da shi yana nan a gurbinsa. Masu tambayar jikina sun yi yawa, ban samu damar amsa wa kowa ba, shi ya sa na ga ya dace in yi godiyar a fili.

Ina fara gode wa likitan haƙorin da ya duba ni. Na je masa da buƙata guda, wato a cire haƙorin in huta, amma ya ce sai an ɗauki hoto tukuna. A hoton ya nuna mini yadda kogon ya ci ya kai ga ɓargon da ke tsakiyar haƙori, inda jijiya da hanyoyin jini suke, da kuma ɗan duhu a ƙarshen saiwa, alamar ƙwayoyin cuta sun sauka can. Ya bayyana mini cewa idan aka cire turmi aka bar giɓi, haƙoran da ke gefe sukan karkato, na sama kuma ya riƙa saukowa, taunar ma ta koma ɓangare guda. Bai ɓoye mini cewa gyaran ya fi cirewa tsada da ɗaukar lokaci ba, sannan ya bar mini zaɓi. A ganina wannan bayanin da ya yi cikin haƙuri, alhali mutane na jira a waje, ya kai aikin hannunsa daraja.

Aikin kansa bai kai yadda ake tsoratar da mutane ba. An yi mini allurar kashe zafi, aka kewaye haƙorin da 'yar shimfiɗar roba don kada yawu ya shiga, aka huda shi ta sama, aka bi hanyoyin da ke cikin saiwa da wasu siraran kayan aiki ana kwashe ruɓaɓɓen ɓargon ana wankewa da ruwan magani. Irin wannan turmi yakan kasance da hanyoyi 3 ko 4, saɓanin haƙorin gaba da galibi ke da guda ɗaya, shi ya sa zaman ya yi tsawo har muƙamuƙina ya gaji. Bayan an tabbatar sun tsarkaka, aka toshe su da wani abu mai kama da roba, aka rufe saman da ciko na wucin gadi.

Ma'aikaciyar jinyar da ta taimaka masa ita ma ta cancanci godiya, domin ita ce ta tsaya ta maimaita mini ƙa'idojin gida har sai da ta ga na riƙe. Ta ce kada in ci komai sai allurar ta sake ni, don mutum na iya cizon harshensa ko kumatunsa bai sani ba. Ta tambaye ni ko ina da gyambon ciki kafin a rubuta mini maganin rage zafi na ibuprofen, ta kuma gaya mini cewa ɗan tsamin da ake ji na kwanaki kaɗan idan an danna haƙorin ba abin tayar da hankali ba ne. Abin da ta ce in dawo a kansa ba tare da jiran ranar alkawari ba shi ne kumburin fuska ko na dasashi, zazzaɓi, zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, faɗuwar cikon, ko jin haƙorin yana riga sauran haɗuwa idan na rufe baki.

Uwargidana ce ta ɗauki nauyin sauran jinyar. Ta sauya girkin gida saboda mutum ɗaya: kunun gyaɗa da koko da safe, faten dankali da tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuka, da ruwan ɗumi da gishiri na kuskure baki bayan kowane ci. Ita ce kuma ta riƙa karɓe goro da kilishi da rake da masu dubiya suka kawo don alheri, tana raba wa yara da maƙwabta. Ina roƙon waɗanda suka kawo su yi haƙuri, tsarabarsu ta samu masu ci.

Godiya ta musamman ga Yaya. Da zafi ya tafi, mutane da dama sun ce mini aiki ya ƙare, kuɗin sanya wa haƙorin hular da likita ya ce a sa, wato murfin da ake lulluɓe saman haƙori da shi, ɓarna ce. Yaya ya ce likitan da ya yi gaskiya a farko ba za a ƙi jin maganarsa a ƙarshe ba, ya kuma cika mini abin da ya rage na kuɗin. Dalilin hular a bayyane yake: haƙorin da kogo ya cinye, aka kuma huda shi, bangonsa ya yi siriri, kuma idan ya tsage har cikin saiwa babu abin da ya rage sai cirewa. Cikon wucin gadi shi ma ba a yi shi don ya daɗe ba, idan ya fara yoyo ƙwayoyin cuta za su sake komawa ciki, mutum kuwa ba lalle ne ya ji da wuri ba tunda jijiyar da ke ba da labari babu ita.

Yanzu ina goge baki safe da dare da buroshi mai laushi da man da ke da fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga kogo, ina zura zare a tsakanin haƙora musamman gindin hular, asuwakina kuma yana nan ga lokutan salla. Na rage shayi mai sukari da yawa, na bar fasa ƙashi da aya da wannan ɓangaren, kuma an ba ni lokacin komawa don a sake ɗaukar hoto a ga ko ƙashin da ke ƙarƙashin saiwar ya warke.

Ina gode wa abokan aikina da suka riƙe mini azuzuwana, da jama'ar masallacin unguwarmu da suka sa ni a addu'a, da duk wanda ya kira ko ya tako. Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi. Wassalam.