Furen Kwatarkwashi da na rubuta wa Tsafe

Jibi zan miƙa makullin ma'ajiyar busassun tsirrai bayan shekara shida, amma takarda ɗaya ce ke hana ni barci.

A watan Agusta muka hau Dutsen Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bungudu. Can sama, a wani tsagi da ƙasa ba ta fi tafin hannu ba, na ga ɗan fure dangin rumana, wanda ban taɓa gani a durowoyinmu ba. Guda bakwai ne kacal. Na tono biyu har da tushensu, na shimfiɗa su tsakanin tsofaffin jaridu, na ɗaure da katako. Hadari ya taso, sai na ce zan rubuta bayanin a gida. Washegari muka wuce duwatsun Tsafe, na ƙara tara wasu.

Sai bayan mako uku na zauna rubuta takardun bayani, ina dogaro da ƙwaƙwalwa. Launin ya riga ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, lambobin samfuran sun cakuɗe, na rubuta Tsafe. Ogana ya sa hannu bai ko duba ba, aka aika kwafi ɗaya ma'ajiyar tsirrai ta Ibadan. Wani ɗalibi ya bi rubutuna ya shafe damina guda yana neman furen a inda babu shi.

Ranar da abin ya fito, a gaban ɗalibai ogan ya ɗaga takardar sama ya ce, "Wannan ciyawar akuya ce, ba ilimi ba." Na ce, "Yallaɓai, kuskurena ne." Kuma nawa ne. Amma sa hannun wa ke ƙasa? Kuma sauran samfuran da na tattaro daidai a tafiyar, sunansa ne a gurbin wanda ya samo su, alhali ko gindin dutsen bai taka ba.

Abin da ya fi ci mini rai, ba a iya komawa. Yanzu wa zai hau duwatsun nan da jakar jaridu, halin tsaro yana yadda yake? Likitan nan Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, har yau ana amfana da aikinsa don ya rubuta abin da ya gani a inda ya gan shi. Ni da GPS, na'urar nuna wuri, a aljihu na kasa.

Ku da za ku gaje ni: lamba, rana, wuri, tsayin dutse da launin fure, da fensir, kafin ku ɗaga ƙafa. Ku sauya jarida kullum da damina, in ba haka ba tsiron ya yi funfuna. Ku tambayi makiyaya sunan tsiro. Ku rubuta sunanku da hannunku.

Takardar tana durowa ta huɗu. Ban goge Tsafe ba, don ba a goge tsohon bayani. Na manna ƙaramar takarda a gefe, na rubuta Kwatarkwashi, na sa sunana ni kaɗai.