Talata a maƙera, da tartsatsin da ya fito babu sauti

Yau na yini a wata maƙera da ke kusa da Kasuwar Muda Lawal a nan Bauchi, inda nake ɗaukar gajeren shiri a kan yadda ake ƙera fartanya kafin faɗuwar damina. Tun da safe na ƙudurta cewa sai na kama tartsatsin wuta yana tashi a hankali daga kan uwar maƙera, don haka na mayar da kyamarata, Panasonic GH5, kan tsarin VFR, wato tsarin sauya gudun ɗaukar hoto, na sa ta ɗauki hoto 100 a kowace daƙiƙa alhali fayil ɗin yana kan 25, wanda shi ne ma'aunin da talabijin ɗinmu ya gada daga PAL, tsohon tsarin watsa hoton talabijin.

Sai da muka tsaya sallar azahar na duba abin da na ɗauka, na tarar hoton ya yi kyau ƙwarai, amma ko tari babu a cikinsa. Laifin nawa ne, domin littafin kyamarar ya faɗi a sarari cewa ba ta ɗaukar sauti a wannan tsari, kamar yadda kyamarorin Sony ba sa ɗauka a irin wannan tsarin nasu mai suna S&Q. Hankalina ya tafi ne wajen daidaita fokas da hannu, tunda a VFR kyamarar ba ta yin sa da kanta, ban waiwayi sauti ba ko sau ɗaya.

Dalilin rashin sautin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Abin da ya faru cikin daƙiƙa 10 a gaban zuga-zugi yana zama daƙiƙa 40 a fayil, saboda hoto 100 ake rabawa 25 a kowace daƙiƙa. Da za a ja sauti ya kai wannan tsawon, muryar mutum za ta yi kauri ta riƙa jan ƙafa kamar kaset ɗin da batir ya yi wa sanyi, in kuma aka bar shi a tsawonsa, zai ƙare tun hoton bai wuce rubu'insa ba.

Na ɗauko rakodata ta Zoom, na saita ta a kan 48 kHz, ma'aunin sautin da aka saba amfani da shi a bidiyo, na roƙi maƙerin ya buga mini masaba a kan wani guntun ƙarfe da ke gefe, ko sau goma ne, in ɗora a kan hoton safe. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan ƙarfen ai ya huce. Mai sanyi ƙara yake yi, mai zafi kuwa nishi yake yi a ƙarƙashin masaba, kuma duk maƙerin da ya kalli shirin nan zai gane ka yi masa ha'inci." Na ce, "Baba, ka yi gaskiya," sannan muka jira yaronsa ya sake zuga wuta har ƙarfen ya yi ja. Da na saurari guda biyun a jere, bambancin ya fi yadda na zata, domin na zafin gajere ne mai nauyi, ba ya barin wata doguwar amsa a kunne.

Daga nan na canja tsarin aikin gaba ɗaya. Hirarsa na ɗauka a kan 25 da makirufo a wuyan rigarsa. Aikin hannu kuma na ɗauka a kan hoto 50 a daƙiƙa a tsarin yau da kullum, wanda yake zuwa da sautinsa, in ya so wajen tacewa in rage gudun inda nake bukata zuwa rabi. Tartsatsi kaɗai na bar wa 100, rakoda tana tafiya a gefe, ƙanena yana yin tafi ɗaya a gaban kyamara kafin kowace ɗauka don in gane wane sauti ne na wane hoto. Na kuma roƙi kowa ya yi shiru na minti biyu, na ɗauki numfashin zuga-zugi da hayaniyar kasuwa daga nesa.

Bayan isha na zauna gaban kwamfuta. Na shimfiɗa sautin maƙerar a ƙasa a gudunsa na asali, sannan na yanko bugun masaba ɗaya-ɗaya, ina ɗora kowanne daidai kan hoton da masabar ta taɓa ƙarfe. Daƙiƙa 40 ɗin nan sun ci mini fiye da awa guda. Saura sautin tsoma ƙarfe a ruwa, wanda hon ɗin wani mai Keke Napep ya ɓata, kuma Baba ya ce in zo gobe da hantsi, lokacin da zai ƙera lauje.