Man tuffa a kan garwashi

Tuffa ba ta da araha a Yamai, domin daga ƙasashen waje ake kawo ta, shi ya sa da kilo 2 da na saya suka fara laushi, raina bai yarda in zubar ba. Na fere su, na dafa da sukari, kirfa da kanumfari. A Amurka man tuffa ake kiran wannan haɗi, alhali babu ɗigon mai a cikinsa. Daɗewa a kan wuta ce take sa shi duhu da kauri. Awa 3 na yi ina juyawa da muciya, don kada ya kama gindin tukunya. Da safe Inna ta shafa a burodi, ta ce kanumfarin ya yi yawa.