Kwana shida a kan Kwara, daga Gaya zuwa Yawuri

Kakan mahaifina farke ne. A gidanmu har yau ana ba da labarin yadda ayarinsu ke dawowa daga Gwanja da goro a kan jakuna, su sauke kaya a bakin Kwara wajen Illo, madugu ya yi cinikin kuɗin fito kafin a ƙetare da su. Wannan ruwan nake son gani da idona, shi ya sa na nemi wani dattijo cikin Sarkawa, wanda nake kira Baba, ya ɗauke ni a kwale-kwalensa daga Gaya ta Nijar zuwa Yelwan Yawuri, ba inji, sai filafili da gora.

A watan Janairu muka tashi. Na zaci da rani kogin zai janye, sai na tarar da shi cike. Baba ya ce ai ruwan da aka yi a duwatsun Gini ne tun damina, sai yanzu yake isowa bayan ya yi watanni yana yawo cikin fadamun Mali.

Kuskurena na farko kaya ne. Na zo da jaka uku, Baba ya dube su ya ce, "Ɗana, jirgi ba ɗaki ba ne." Biyu muka bari a Gaya. Na biyun kuma gaggawa. Rana ta biyu, bayan mun wuce iyaka a Lolo, na matsa masa mu ci gaba da hantsi duk da iskar hunturu ta taso. Bai yi musu ba. Cikin rabin sa'a igiyar ruwa ta fara zubowa cikin jirgi, ina kwarfa da ƙwarya hannuna na rawa, garin rogonmu ya jiƙe kaf. Daga ranar da asuba muke tashi, mu fake a gungu idan iska ta yi ƙarfi, la'asar mu koma.

Baba ba ya duban gaba kaɗai, fatar ruwa yake karantawa. Inda ta yi laushi da sheƙi akwai zurfi, inda take ƙananan murɗe-murɗe tudun yashi ne ko kututture. Wata safiya ya tsai da filafili shiru, ya kai mu gefe guda, sai daga baya na hango kunnuwan dorina.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne fataucin bai mutu ba. Jirage na wuce mu ɗauke da shinkafa da albasa da busasshen kifi, mata da yara a saman buhuna, mafi yawansu ba rigar kariya. Duk wanda ya tuna hatsarin jirgin ruwan da ya nutse da fasinjoji a Wara a 2021 ba zai kalli wannan hankalinsa kwance ba. Ni ban cire tawa ba ko sau ɗaya.

Kusa da Yawuri kogin ya fara buɗewa, alamar tafkin Kainji, wanda tun 1968 ya haɗiye tsohuwar Busa, inda Baturen nan mai binciken Kwara, Mungo Park, ya halaka, ya kuma tashi Gungawa da yawa daga tsibiransu. Da muka daki gaɓa a Yelwa tafukana duk sun yi kanta. Na sayi goro a bakin tasha na miƙa wa Baba, ya fasa ɗaya, ya ba ni rabi.