Layi ɗaya da ya ruɗe ni

A watannina na farko a ɗakin gwaje-gwaje babu aikin da na raina kamar gwajin ciki. A karɓi fitsari, a tsoma tsinke, a jira minti uku zuwa biyar. Layi biyu akwai, layi ɗaya babu. Gani nake ko yaro zai iya.

Wata safiya wata baiwar Allah ta zo, shekararta huɗu da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Na gwada, layi ɗaya. Na miƙa mata takarda na ce, "Yaya, babu komai." Ta ninke takardar har sau huɗu, ta cusa a jaka, ta fice ba ta ce uffan ba. Bayan kwana tara sai ga ta ta dawo, layi biyu raɗau.

Shugabar ɗakin, wadda muke kira Anti, ba ta yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Kin tambaye ta yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe?" Ban tambaya ba. Ashe ranar da ta fara zuwa saura kwana biyar lokacin al'adar ya yi.

Nan Anti ta zaunar da ni. Tsinken nan ba cikin yake gani ba, wani sinadari da ake kira hCG yake nema. Shi kuwa jiki ba ya fara fitar da shi sai ƙwan da ya haɗu da maniyyi ya manne a bangon mahaifa, abin da kan ɗauki kwana 6 zuwa 12 bayan fitar ƙwai. Kafin nan, komai kyan na'ura ba abin da za ta kama. Ko bayan ya manne, kaɗan-kaɗan sinadarin ke farawa, yana ninkawa duk kwana biyu zuwa uku. Yawancin tsinkayen fitsari sai ya kai wajen 25 mIU/ml (ma'aunin yawan sinadarin ke nan) suke nunawa, gwajin jini kuwa yana kama ƙasa da haka sosai, shi ya sa yake riga fitsari da 'yan kwanaki.

Saboda haka lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ranar da al'ada ta kamata ta zo ba ta zo ba. Wadda al'adarta ke yi mata wasa, yau gaba gobe baya, sai ta ƙirga kwana 21 daga saduwa. Fitsarin farko na asuba ya fi, domin ya kwana yana taruwa. Wadda ta ɗirki ruwa don ta samu abin zubawa a kwalba ta tsinka shi ne kawai. Yanzu idan na ga layi ɗaya alhali lokaci bai yi ba, cewa nake, "Bai nuna ba tukuna, ki dawo bayan kwana uku."

Layi biyun ma yana da nasa tarkon. Wadda ta yi ɓari kwanan nan, ko aka yi mata allurar neman haihuwa mai ɗauke da hCG, tsinke zai iya nuna mata biyu. Akwai kuma wani magidanci da ya shigo da murnarsa, ya kwance tsinke daga cikin hankici, ya nuna mini wani layi dishi-dishi mara launi. Na ce, "Malam, yaushe aka yi gwajin?" Ya ce jiya da daddare, sai da safe layin ya fito. Shatin fitsarin da ya bushe ne. Na ba shi sabon tsinke, na nuna masa inda aka rubuta mintunan karantawa a jikin takardar.