Spirou, mujallar da mai injin ɗab'i ya haifa

Duk wanda ya san harkar littattafan Hausa a Kano ya san inda gizo ke saƙar. Marubuci ne zai tara kuɗinsa, ya kai maɗaba'a, a buga masa, ya rarraba wa 'yan kasuwa, sannan ya zauna jiran ciniki. In littafin ya yi kwantai, shi ta shafa. Mujallar labaran zane ta Faransanci mai suna Spirou ta ɗaya gefen ta ɓullo: mai injin ne da kansa ya fita neman masu zane, domin kada injinsa ya kwana ba aiki. Kusan duk abin da ya sa ta kai yau tana fitowa kowane mako, daga nan ya samo asali.

Mai injin shi ne Jean Dupuis, a unguwar Marcinelle da ke gefen birnin Charleroi a Beljiyam. Tun 1898 yake aikin ɗab'i, yana kuma da mujallun manya kafin ya waiwayi yara. Fitowar farko ta Spirou ta shiga kasuwa ranar 21 ga Afrilu, 1938, wato watanni kaɗan kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939. A yaren Walun na yankin, sunan yana nufin kurege, ana kuma kiran yaro mai ƙiriniya da shi. Wani Bafaranshe, Rob-Vel, ya zana tauraron, wanda shi ma sunansa Spirou: yaron otal da jajayen kayan aiki da 'yar hula. Sauran shafukan kuwa, da yawa labaran Amurka ne da aka saya aka fassara, irin su Superman da Dick Tracy.

Yaƙin duniya na biyu ne ya yanke wannan hanya. Kayan Amurka suka daina zuwa, takarda ta yi tsada, Jamusawa da suka mamaye ƙasar suka dakatar da mujallar a 1943, sai a Oktoban 1944 ta dawo. Dole aka koma wa 'yan gida. Wani mai zane da ake kira Jijé ya riƙe shafuka da dama shi kaɗai, daga baya ya tara samari a gidansa yana koya musu aiki, kamar dai yadda tela ke tara yaran shago. Cikinsu akwai Franquin, wanda ya karɓi zanen Spirou a 1946, da Morris mai labarin kaboyi Lucky Luke, da Will. Abu ɗaya da ya kamata mai sha'awar wannan sana'a ya lura da shi: kamfanin ya sayi haƙƙin mallakar tauraron daga hannun Rob-Vel. Shi ya sa ake miƙa shi daga hannu zuwa hannu har yau. Tintin kuwa, wani tauraron labaran zane na Beljiyam, da yake na mai zanensa Hergé ne shi kaɗai, da Hergé ya rasu a 1983 sabon labari ya tsaya.

To, yaya shafi ɗaya yake zama shafi? Mai zane ba ya aiki a kan girman da za a buga. Takardarsa ta fi shafin mujalla girma sosai, sau da yawa ma rabi biyu yake yi, na sama da na ƙasa, a haɗa daga baya. A al'adar wancan zamani shafi yana da layi huɗu na akwatuna. Fensir ne farko, sai a zauna da rubutun maganganu a tabbatar kowace magana ta sami wuri, sannan a bi da baƙar tawada da buroshi ko alƙalami, a bari ta bushe sarai kafin a goge fensirin. Wanda ya yi gaggawar gogewa zai ja tawada ta ɓata fuska. Wanda kuma ya bar rubutu sai ƙarshe, zai tarar kan mutum ya cinye wurin magana.

Ragewar da ake yi wa zanen kafin bugu tana da amfani, tana kuma da tarko. Tana ɓoye rawar hannu, layi ya fito sumul. Amma komai ne ke raguwa tare. Harafin da ka rubuta a milimita 5, in aka rage shafin da kashi 30 cikin ɗari, ya koma 3.5. Siraran layukan inuwa da ka jera kusa da juna za su haɗe su zama baƙin dunƙule. Ga mai rubuta Hausa abin ya fi muni, don lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ita ce ke fara ɓacewa, sai ƙafa ta koma kafa. Gwada rage shafi ɗaya a injin hoto kafin ka zana arba'in.

Launi ba a kan ainihin zanen ake sa shi ba. Wata hanya da aka daɗe ana bi kafin zuwan kwamfuta ita ce a buga zanen da shuɗi mai haske a kan takarda mai kauri, mai launi ya shafa fentinsa a kai, baƙin layin kuma yana kan wata leda mai gani-har-hanji da ake ɗorawa a duba. Wurin bugu faranti huɗu ne: shuɗi, ja-ja, rawaya, baƙi. In ɗaya ya goce ko da rabin milimita ne, sai ka ga jan rigar Spirou ya tsallake layi ya hau bango. Da yake rubutu a farantin baƙi yake, canza harshe ba ya bukatar a taɓa sauran ukun. Wannan lissafi ne ke sa buga abu ɗaya cikin harshe biyu ya yi sauƙi, kuma Dupuis yana da 'yar'uwar Spirou da harshen Filemish na arewacin ƙasar, mai suna Robbedoes, daga 1938 har 2005. Mai tunanin fitar da labari da Hausa da Faransanci don kasuwar Kano da Maraɗi da Damagaram, kada ya kuskura ya sa rubutu mai launi.

Inda wayon mai maɗaba'a ya fi fitowa shi ne shafi ɗaya sau uku ake sayar da shi. Na farko a mujallar mako, inda ake biyan mai zane kuɗin kowane shafi, yana ci yana aiki. Na biyu, fitowar da ta yi kwantai ba a zubar da ita, sai a tattara ta 'yan watanni a ɗinke da bango mai tauri, a sayar a matsayin kundi. Na uku, labarin da masu karatu suka karɓa a fitar da shi littafi guda. Yawancin littattafan nan shafi 44 ne na zane, a cika da shafin suna da makamantansu su kai 48. Ba don labari ya fi daɗi a 48 ba ne. Babbar takardar inji in aka ninka ta sau uku tana ba da shafi 16, uku ɗinta 48 ke nan. Ƙara shafi biyu kacal yana nufin taɓa sabuwar takarda. A shafi biyu kowane mako, labari mai shafi 44 yana cin mako 22, kuma dole shafin ƙarshe na kowane mako ya bar yaro da "sai me ya faru?", dabarar da masu littafi na ɗaya da na biyu da na uku a Kano ba sa bukatar a koya musu.

Tsarin yana cin mutum. Franquin ya ƙirƙiro dabbar nan mai doguwar jela, Marsupilami, a 1952, ya ƙara da Gaston, malalacin ma'aikacin ofis da ya fara bayyana ranar 28 ga Fabrairu, 1957, yana kuma yi wa mujallar Tintin wani aikin daban daga 1955 zuwa 1959. A farkon shekarun 1960 jiki da zuciya suka gaza, labarin Spirou da ya faro a 1961 ya tsaya a tsakiya, sai 1963 ya ci gaba. A 1968 ya ajiye tauraron gaba ɗaya. Duk mai son fara mujalla irin wannan, in ba shi da shafukan mako shida ko takwas a ajiye kafin fitowar farko, zazzaɓi ɗaya ya isa ya rufe shi.

Akwai kuma masu tacewa. Babbar kasuwar Spirou Faransa ce, kuma dokar 16 ga Yuli, 1949 ta kafa hukumar da ke duba duk abin da ake buga wa yara, har da wanda aka shigo da shi daga waje. An hana littattafan Buck Danny, matuƙin jirgin yaƙin Amurka, na yaƙin Koriya shiga Faransa, an kuma cire hoton jariri yana tsotsar bindiga daga wani littafin Lucky Luke. Dupuis ya koyi tace kansa tun kafin a tace shi.

A ganina shekarun editanta Yvan Delporte, daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1968, su ne ƙololuwa. A nan ne shuɗɗan halittun mai zane Peyo, Schtroumpfs, suka fito ranar 23 ga Oktoba, 1958. Manyan kishiyoyinta biyu sun kwanta dama: mujallar Tintin da aka fara a 1946 ta tsaya a 1988, Pilote da ta haifi Asterix a 1959 ta rufe a 1989, bayan masu karatu sun koyi jiran littafi maimakon bin mako-mako. Spirou ta wuce fitowa ta 4000 a Disambar 2014.

Abin Delporte da ya fi dacewa da aljihun mai zane a Kano shi ne ƙaramin labarin tsakiya, da aka fara a 1959. Takardar tsakiyar mujalla ce ake buga wa ƙananan shafuka, yaro ya zare ta, ya yanka, ya ninke, ya sami ɗan littafi da bai fi tafin hannu ba. An yi sama da 500, kuma a nan ake gwada sababbin hannu ba tare da an yi asara ba. Ana iya yin irinsa da takardar A4 a kowane shagon buga takardu. Ka'idar jera shafuka ɗaya ce: duk shafuka biyu da ke maƙwabtaka a fuskar takarda, jimillarsu ta zama yawan shafukan da ƙarin ɗaya. A littafi mai shafi 16, za ka haɗa 16 da 1, bayansu 2 da 15, sai 14 da 3, bayansu 4 da 13, haka har 8 da 9 a tsakiya, kullum 17. Mai lamba mara a dama, mai cika a hagu. Ka fara ninke farar takarda ka rubuta lambobin da biro, ka warware ka gani, kafin ka biya kuɗin bugu. Ka bar aƙalla milimita 5 a gefe, domin shafukan ciki suna turowa waje in an ninke, wuƙar datsa kuma ba ta san rubutu ba. Fil biyu na sitefila a gadon baya sun isa.

In kuwa tsohuwar fitowa ta shekarun 1960 ta faɗo hannunka a wurin masu gwanjon littattafai, buɗe tsakiyarta kafin ka taya. In ka ga fil ɗin a buɗe ko an sake lanƙwasa shi, an riga an zare ƙaramin labarin, farashi ya sauka ke nan. In yana nan, duba tsatsa a gefen fil ɗin, don danshin damina ke kawo ta, tana kuma cin takardar har shafi ya ɓalle. Zare fil ɗin a hankali, ka ɗinke da zare, kada ka kusanto da salatif, ka ajiye ta a kwance a sama, nesa da bangon da gara ke bi.