Tambayar Ummi

Laraba. Zafi tun safe, ko ganye ba ya motsi a Mabera. Daga makaranta na biya Kasuwar Daji na sayo albasa da tattasai.

Bayan Magariba aka kawo wuta, Ummi ta ruga ta kunna talabijin, shirin nan na kowane mako. Yau ma dai haka: uwargida ta tafi wurin boka, amarya na ɗaki tana kuka, mai aikin banki kuma tana daka wa mijinta tsawa don ta fi shi albashi. Ina tuƙa tuwo sai na ji ta a bayana.

"Mama, ke ma in kika samu kuɗi da yawa, raina Baba za ki yi?"

Sai da na saki muciya. Shekararta 7 fa. Na ce wa ya gaya miki haka? Ta nuna talabijin, ta ce ai duk masu zuwa aiki haka suke. Inna tana kan tabarma da tasbaha, ta ce, "Wanga ai wasa na, mi za ya tada miki hankali?" Na yi shiru, amma abin ya tsaya mini a rai. Shekara 12 ina koyarwa. Kullum yarinyar nan tana ganina ina fita da asuba, in dawo in durƙusa in gaida ubanta, albashina da nasa tukunya ɗaya suke shiga. Duk wannan bai zauna mata ba, sai matar da aka nuna na minti 40.

Kuma a Sakkwato! Garin da Nana Asma'u ke kwance a Hubbare kusa da mahaifinta Shehu. Ita ta naɗa jajjai, wato mata malamai, ta ɗora musu malfa, suna kai karatu ƙauyuka wurin 'yan taru, matan da ke taruwa don ɗaukar karatu, har ta rasu a 1864. Ni dai ban taɓa kunna talabijin da dare na ga an yi wasa kan mace irinta ba. Kishi da boka da kuka, kamar ba mu da wani labari.

Baban Ummi ya ce in hana ta kallo kawai. Ban amsa ba. Gidan maƙwabta ma akwai talabijin.

Na yi mata alkawari ranar Asabar za mu je Hubbare. Ta tambaya ko Nana ma tana da kishiya.

An ɗauke wuta ƙarfe 10. Har yanzu ban yi barci ba.